Baffa, Malamin Lissafin da Ya Koyar da Awaki ta Bayan Katanga

Ranar da muka rasa Baffa, ƙanin mahaifina, ina cikin gida tare da mata ana zaman makoki, sai muka ji dariya ta ɓarke a ƙofar gida. Ba irin wadda ake dannewa a cikin hannun riga ba, dariya sosai ta maza da yawa. Inna, matar marigayin, ta ɗago kai daga carbinta ta ce da ni, "Tashi ki leƙa min, wane marar ta-ido ne."

Na leƙa ta zaure. Damina ce, an yi ruwa da safe, maza sun cika rumfa har gindin darbejiya. Ashe wani babban mutum ne ya iso daga Kano, motarsa ta kafe a hanya ya ƙarasa a ƙasa, babbar rigarsa duk taɓo har gwiwa. Ya durƙusa zai yi wa Baba gaisuwa, wato mahaifina, wanda shi ne limamin garinmu kuma yayan mamacin. Sai wani dattijo da ke gefe ya dubi taɓon nan, ya tambaye shi da zuciya ɗaya, "Alhaji, ta ina ka biyo?"

Alhajin ya miƙe tsaye zumbur, ya haɗa hannuwa a baya, kafin ya san abin da yake yi ya ce, "Wallahi Malam ban kwafa ba."

Kusan duk waɗanda ke rumfar nan sun zauna a ajin Baffa, daga direba har likita. Suka kasa riƙewa. Baba ya ɗaure fuska, ya ja rawani ya rufe baki, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa.

Na koma na gaya wa Inna. Ta ce, "Ƙyale su. Da yana nan shi za a fi jin muryarsa." Sai a lokacin ta fashe da kuka, don tun da aka fita da shi idonta a bushe yake.

Wannan tambayar ita ce sandar Baffa, bai taɓa riƙe wata ba. Ya yi rayuwarsa yana koyar da lissafi a sakandaren ƙauyenmu da ke hanyar Ɗambatta, tun tana da ajujuwa kaɗan har ta girma. Gajere ne, siriri, hularsa kullum a karkace da farin alli a gabanta, saboda da hannun da yake rubutu da shi yake sosa kai. Aljihunsa kuwa Inna ta daina mamakinsa ranar wanki: tsakuwa, ƙwallon dabino, guntun igiya, murfin kwalba. In ya ba da aiki ka kawo amsa, ba zai ce ka yi daidai ba, ba zai ce ka yi kuskure ba. Sai ya karkata kai ya ce, "Ta ina ka biyo?"

Wanda ya leƙa takardar maƙwabcinsa nan yake fara zufa. Baffa yakan ce, "Amsar ba ta dame ni ba, tana nan a bayan littafi, na gan ta tun kafin a haife ku. Hanyar nake so." In kuma hanyarka ta kai ka daji, murna yake yi kamar an kawo masa tsaraba. Zai rubuta kuskuren a allo da manyan baƙaƙe, ba tare da sunan mai shi ba, ya ce, "Wannan yanzu namu ne mu duka, ku zo mu ga inda ya saki hanya." Abu ɗaya ne ke ɓata masa rai, ka ce ba ka sani ba. Sai ya ce, "To faɗi wadda ba ka sani ba ɗin, mu gan ta."

A gida ma bai bar kowa ba. Na taɓa ji ya ɗanɗana miyar kuka ya ce da Inna, "Kai, yau ta yi daɗi. Ta ina kika biyo?" Ta ce, "Ta madafa, Malam. Ci ka ba ni kwanona."

Lokacin da na shiga ajinsa, mu 'yanmata a baya muke zama, mun takure a lungu, kowacce ta ja mayafi ta rufe baki. In ya yi tambaya maza ne ke ɗaga hannu. Mu ko mun sani sai mu raɗa wa juna. Ya roƙe mu mu dawo gaba, muka ƙi. Ya yi mana faɗa, muka ƙara sunkuyar da kai. Wata safiya sai ya shigo bai ce da kowa komai ba, ya ciccibi allon, don irin mai ƙafafu ne, ya ɗora a ka, ya ratsa tsakiyar aji da shi yana nishi, ya dire shi a bangon baya, dab da hancinmu.

Ya ce, "Daga yau nan ne gaba. Maza, a juyo da benci."

Mazan suka yi ta gunaguni, mu kuma muka rasa inda za mu ɓuya. A makon ne na fara jin muryata a cikin aji. Na ba da amsar da ba daidai ba, ya rubuta ta a allo yana ta murna, ya ce rabonsa da kuskure mai kyau irin wannan tun bara. Na koma gida ina jin kamar kyauta aka ba ni. Yau ni ma lissafi nake koyarwa, a wata makarantar 'yanmata wajen Tofa, kuma in aka tambaye ni yaushe na fara, wannan ranar nake tunawa.

Baffa ba ya son zaman aji ya daɗe. Ranar da zai nuna mana bambancin kewayen fili da girmansa, da igiya doguwa ya zo. Ya ƙulla bakinta biyu, ya fitar da mu fili, ya sa aka shimfiɗa ta a ƙasa dogo siriri kamar kunya ɗaya ta gero, ya ce maza su shiga ciki su tsaya. Kaɗan suka shiga ya cika. Ya sa aka mai da ita murabba'i, gefe huɗu daidai wa daida, sai ga shi ta ɗauki fiye da haka. Ya sa aka zagaya ta kamar bakin tukunya, kusan duk mazan ajin suka shige, har da wani ƙato da ake tsokana cewa shi kaɗai mutum biyu ne.

Baffa ya ce, "Igiyar ta ƙaru?"

Muka ce a'a.

Ya ce, "To me ya ƙaru? Kuma me ya sa kakanninku ba su taɓa gina rumbu dogo siriri ba?"

Muna cikin gardama sai ga Inna ta ratso ta gonar makaranta, mayafi a kafaɗa, guga a hannu ba igiya. Ta tsaya ta dube mu, ta dubi igiyarta a ƙasa cike da samari. Ta ce, "Malam, yau lissafi za mu sha a gidan?" Ya ce ta yi haƙuri saura siffa ɗaya. Ta ce, "Siffar tuwo ce ta rage, kuma ba za ka gan ta ba." Ta sunkuya ta finciki igiyarta, samarin suka yi ta tsalle suna ficewa.

Amma abin da garinmu ba zai manta ba shi ne ranar jaki. An zo kan lambobin da ke ƙasa da sifili, mun haddace cewa mainas sau mainas fulas ne, mun rera masa kamar waƙa. Ya tambaye mu dalili, ashe ba wanda ya san shi. Washegari ya aro jakin maƙwabcinmu. Ya ja dogon layi da toka a filin makaranta, ya sa dutse a tsakiya ya ce shi ne sifili, gabas fulas, yamma mainas. Ya juya jakin ya fuskanci yamma, ya ce wannan mainas na farko. Ya ce yanzu in jakin ya yi tafiya da baya, wannan mainas na biyu, mu zuba ido mu ga inda zai ƙare.

Jakin ya ce bai san wannan zance ba. Aka ja wutsiya, aka tura ƙirji, aka nuna masa dusa ta baya, ya kafe ƙafafu yana kallon Baffa. Daga ƙarshe ma ya kwanta a kan sifilin.

Baffa ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe. Ya ce, "To, ni ne jakin." Ya tsaya ya fuskanci yamma, ya fara tafiya da baya, yana ɗaga murya, "Ina kallon ina? Ina tafiya ina?" Mu kuma muna hango abin da shi ba ya gani: shugaban makaranta ya taho da wani baƙo mai tsabta, sifeton da aka aiko duba malamai. Muka buɗe baki, amma Baffa ya hana a katse shi in yana bayani. Haka ya tafi da baya har ya yi karo da sifeton, suka zube tare a kan tokar.

Mun san da alƙalami ɗaya mutumin zai iya jefa Baffa wani ƙauye mai nisa. Sifeton ya tashi yana kakkaɓe riga. Bai dubi Baffa ba, mu ya duba. Ya nuna wata ƙawata da ba ta cika magana ba ya ce, "Ke, me kuke yi a nan?"

Ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, Malam jaki ne. Yana kallon yamma, yana tafiya da baya, shi ya sa ya same ka a gabas. Mainas sau mainas, fulas."

Sifeton ya dube ta. Ya ce, "Wato ni ne fulas ɗin?"

Ta ce, "E, ranka ya daɗe."

Ya juya baya don kada mu ga yana dariya. Abin da kawai ya faɗa kafin ya tafi shi ne kada a ƙara shigo da dabba harabar makaranta. Baffa ya ce ya yarda, dama ɗalibin bai da ƙoƙari.

Ba kullum abin ke ƙarewa da dariya ba. Baffa da Baba gida ɗaya muke, katanga ce kawai tsakanin sassan biyu, kuma tun suna yara ba su da abokin hira kamar juna. Baba dogo ne mai nauyin baki, malamin fiƙihu da ake zuwa wurinsa rabon gado daga ƙauyukan kewaye. Abin da ya shiga tsakaninsu inuwa ce.

Baffa ya koya wa ajin yayana, wanda ke shekarar ƙarshe, yadda za a san tsawon rimi ba tare da an hau ba: ka kafa kara, ka auna shi da inuwarsa, ka auna inuwar rimin, sauran aikin lissafi ne. Don abin ya zauna musu, sai ya ƙara da cewa ai malamai ma da inuwa suke gane shigar la'asar. Yayana mutum ne da in ya kama abu ba ya saki. Ya je bayan masallaci ya kafa kara, ya yi ta bibiyarsa. Wata rana ladan, tsoho ne sa'an kakanmu, ya taso zai yi kira, sai yayana ya riƙe masa gefen riga ya ce, "Baba ladan, ɗan dakata, saura taƙi guda."

Tsohon ya janye rigarsa. Ya yi kiransa, aka yi salla, sannan a gaban jama'a ya ce da Baba tunda yanzu an sami kara, shi a sallame shi.

Ban taɓa ganin Baba cikin fushi irin na ranar ba. Ya shiga sashen Baffa ko sallama bai gama ba. Muna jin su ta katanga. Ya ce, "Na ba ka 'ya'ya ka koya musu lissafi, ka koya musu raina manya?"

Baffa ya ba shi haƙuri, ya ce yaron ya yi wauta kuma shi da kansa zai kai shi ya durƙusa wa ladan. Da ya tsaya nan da an wuce wurin. Amma Baffa ne. Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai, Yaya, ka duba karan kuwa? Don in ya cire inuwar tsakar rana yadda na nuna musu..."

Baba ya fito ya ce daga ni har yayana ba mai ƙara taka makarantar nan. Jarrabawar fita ta yayana ta matso, ni kuma lokacin ne na fara son abin. Yayana ya je ya ba ladan haƙuri, tsohon ya yafe har ya sa masa albarka, amma Baba bai sauko ba. Inna ta zo roƙo, ya ce ta gaida gida. 'Yan'uwan nan biyu suka koma daga "ina kwana" sai "lafiya lau", kowa na kallon wani gefe.

Bayan 'yan kwanaki, da yamma, muna tsakar gida ina tsince shinkafa, Baba na kan buzunsa yana duba littafi, sai muka ji muryar Baffa ta bayan katanga, daidai inda turken awakinsa yake.

"To, awaki, a nutsu. Jiya mun tsaya a ina? Ke mai baƙin kunne, daina cin takardar."

Ya shiga karatu tiryan-tiryan, da ƙarfi, daidai inda ajin yayana ya tsaya. In ya gama ya ce, "Yanzu na ƙananan awaki," ya dawo kan namu. Yakan yi tambaya ya dakata, ya ba mu lokacin da za mu yi a ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Wadda ta sami bakwai ta yi daidai. Wadda ta sami tara ta manta da mainas, ta koma." Baba yana ji. Ba zai iya hana mutum magana da dabbobinsa a cikin gidansa ba. Sai dai ya yi gyaran murya ya juya shafi. Haka aka yi ta yi kullum, har gero ya fara fitar da kai. Inna ta ce awakin sun rame don ba sa samun sukunin tuƙa.

Wata yamma Baffa ya ce yau gado za a raba. "Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya. Mata tana da sumuni, ɗaya bisa takwas. Uwa tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Gida nawa za mu raba gonar don kowa ya sami rabonsa cif? Ni dai a ganina sha biyu ta isa."

Na ga yatsan Baba ya tsaya a kan layi.

Baffa ya ce, "E, sha biyu. Ba mai magana? To mun wuce, sha biyu."

Baba ya rufe littafi. Ya buɗe. Ya sake rufewa. Sai ya daka tsawa har kaji suka watse: "Ashirin da huɗu! Ina ka taɓa ganin sumunin sha biyu? Asalin mas'alar ashirin da huɗu ne!"

Can muryar Baffa ta taso a hankali, cike da ladabi: "Awaki, kun ji babban malami ya yi magana. Yaya, ta ina ka biyo?"

Baba ya fara bayani daga kan buzu. Da ya ga bayanin na buƙatar hannu sai ya miƙe ya matsa jikin katanga. Da ya ga katangar ta tsare shi sai ya zura takalmi ya zagaya. Muka bi shi a baya muka laɓe. Muka tarar da su tsugune a gaban awaki, Baba na jera ƙwallayen dabinon aljihun Baffa a ƙasa yana cewa, "Ka gani? Uku na mata, huɗu na uwa," Baffa kuma na gyaɗa kai kamar yau ya fara ji. Kiran magariba ne ya tashe su.

Da safe Baba ya dube mu ya ce, "Ku kuma zaman me kuke yi, ba ku da makaranta ne?" Yayana ya zauna jarrabawarsa ya ci. Tun daga shekarar, duk lokacin da aka zo babin haɗa kashi-kashi, Baffa sai ya gayyaci Baba aji. Baba ya je da rawaninsa ya koyar da shi ta hanyar gado, ya dawo yana cewa yaran zamani ba sa jin magana, alhali tun mako guda kafin ranar yake tambaya ko an kusa zuwa babin.

Da ciwo ya kwantar da Baffa a bana, duk ƙarshen mako nakan zo daga Tofa in duba shi. Na kawo masa lemo ya ce ba ya so, na kawo fura ya kurɓa ya ajiye. Ya ce, "In kina son ki kawo min abin da zan ji daɗi, kawo min kurakuran ɗalibanki. Masu kyau, ba na ragwanci ba." Haka na riƙa yi. In faɗa masa, ya lumshe ido yana bin sawun yarinyar da bai taɓa gani ba, sai ka ga ya yi murmushi ya ce, "Na gan ta. Ga inda ta zame."

Zuwana na ƙarshe na kawo masa na wata 'yar aji ɗaya. An ce ta tara rabi da ɗaya bisa uku, maimakon biyar bisa shida ta rubuta biyu bisa biyar. Na ce masa wannan ai sananne ne, ta tara na sama ta tara na ƙasa, gobe zan gyara mata. Kuma yarinyar har gardama take yi da ni.

Ya buɗe ido. Ya ce, "Gardama take yi? To kada ki gyara tukuna. Mai gardama tana da labari. Je ki ji labarin ki kawo min."

Ranar Litinin na zaunar da ita. Ta ce, "Malama, kazarmu ta yi ƙwai biyu, ɗaya ya lalace, rabi ke nan. Zabuwarmu ta yi uku, ɗaya ya lalace, ɗaya bisa uku ke nan. Ƙwai biyar, biyu sun lalace. Ni na kwashe su da hannuna, ta yaya za a ce min shida?" Na sake duba takardarta. Amsarta daidai ce, tambayar ce ba ita aka yi mata ba, kuma sai da muka ci darasi guda ni da ajin kafin muka rarrabe tambayoyin biyu. Na ƙagu Juma'a ta yi in kai masa. Ranar Alhamis da hantsi yayana ya kira ni a waya.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa abin da ya koyar ya riƙa isa gare shi.

Bayan an watse daga sadakar bakwai na sami Baba shi kaɗai a zaure, yana zaune a gefe ɗaya na tabarma, ya bar ɗaya gefen. Na gaishe shi na zauna daga bakin ƙofa. Ban san yadda aka yi ba sai na ji ina ba shi labarin ƙwan kaza da na zabuwa. Ya saurara har ƙarshe. Ya yi dariya har ya share ido da bakin rawani, ya ce a gado dai kada a kuskura a bar yarinyar nan ta yi rabo.

Ya gyara zama, ya karkata kai gefe, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya ce, "Sake faɗa min. A hankali, yadda za ki faɗa masa."

Na matso kan tabarmar, na faro daga kazar.